Wane ne mashayin jini a Shikagon Al Capone?

Wani ɗan jarida ya farka cikin dare a bakin tafkin Mishigan, tufafinsa sharkaf, jikinsa duk tabon duka, kuma bai iya tuna abin da ya same shi a kwanakin da suka gabata ba. Bai jima ba ya gane cewa kashe shi aka yi aka jefa a ruwa, kuma ga shi ya tashi a matsayin mamaci mai shan jini. Da haka marubuciyar Amurka P. N. Elrod ta buɗe littafinta Bloodlist a shekarar 1990, wanda shi ne na farko a jerin da ta kira The Vampire Files. Sunan ɗan jaridar Jack Fleming, birnin Shikago ne, shekarar kuwa 1936, kuma binciken da ya fara da shi shi ne na gano wanda ya kashe shi. Wanda bai saba da irin wannan adabi ba zai iya cewa gambiza ce kawai, an ɗauko dodon tatsuniya an sa masa hula da doguwar kwat. Ni kuwa ina ganin haɗin ya zauna daram, kuma dalilin zamansa yana cikin tarihin birnin fiye da cikin haƙoran jarumin.

Ya kamata a fara raba wannan halitta da maye, domin nan ne hankalin Bahaushe zai fara zuwa. Maye rayayyen mutum ne da ake zargi da kama kurwa, yana zaune cikin jama'a, yana cin kasuwa da rana. Wanda Turawa ke kira bamfaya kuwa mamaci ne da ya ƙi kwanciya, yana rayuwa da jini, rana ba tasa ba ce, kuma madubi ba ya nuna shi. Camfin ya fito ne daga ƙauyukan gabashin Turai, sannan littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, ya ba shi siffar da duniya ta sani a yau. A can asali shi ne abin gudu, shi ake farauta. Mayar da shi mai farautar masu laifi juyin waina ne, kuma ba kowane gari ne zai iya ɗaukar wannan juyin ba.

Shikago ta iya. Daga watan Janairun 1920 zuwa Disambar 1933 tsarin mulkin Amurka ya haramta sarrafa giya da safararta da sayar da ita, amma bai kawar da ƙishirwar masu sha ba, sai cinikin ya koma hannun 'yan fasa-ƙwauri. Kuɗin da suka tara ya isa su sayi ɗan sanda da alƙali da ɗan siyasa, wanda ya ƙi sayuwa kuma a yi masa magana da bindigar Thompson, wadda saboda ƙararta aka yi mata laƙabi da tafiretar Shikago. A ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka jera mutum bakwai na ɓangaren wani shugaban 'yan daba mai suna Bugs Moran a jikin bangon wani gareji aka buɗe musu wuta, biyu daga cikin maharan suna sanye da kayan 'yan sanda. Ɗaya daga cikin waɗanda aka harba ya yi 'yan sa'o'i kafin ya cika, 'yan sanda suka tambaye shi wanda ya harbe shi, ya ƙi faɗa. Kowa ya nuna Al Capone, babban shugaban 'yan daban birnin kuma abokin gabar Moran, da baki, amma babu wanda kotu ta taɓa samu da laifin wannan kisa.

A nan ne, a ganina, zuciyar al'amarin take. Mulkin 'yan daba ya dogara ne kan abu guda, wato mamaci ba ya ba da shaida. Idan wani ya ga abin da bai kamata ya gani ba, a ɗauke shi a mota, a ɗaura masa nauyi, a jefa shi tafki, magana ta ƙare. Labarin Fleming yana tambaya ne: idan fa wanda aka jefa ya fito? Mai karatu da ya taɓa ganin an binne gaskiya tare da mai ita, ko a wace ƙasa yake, zai ji wani sanyi a ransa idan ya ga ɗan bindiga ya zazzage harsashinsa a ƙirjin mutumin da ya kashe makon jiya, mutumin kuma yana ci gaba da takowa. Tsoro ya sauya gida, ya bar mai gaskiya ya koma wurin wanda ya saba raba shi.

Sai kuma batun jinin kansa, wanda Elrod ta yi wa dabarar da nake ganin ta fi kowace kyau a littafin. Fleming ba ya farautar mutane. Idan yunwa ta taso masa, sai ya nufi babban karan dabbobi na Shikago, wanda aka buɗe a 1865, aka rufe a 1971, kuma a zamaninsa ya ciyar da Amurka nama, ya sha kaɗan daga jijiyar saniya ya bar ta a tsaye. A gefe guda ga masu rai da lafiya, masu zuwa coci ranar Lahadi, suna karɓar kuɗin kariya daga mai shago da mai wanki a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929, lokacin da magidanta ke layin miyar sadaka. Mu da muke cewa wane yana shan jinin talakawa ba ma buƙatar a yi mana fashin baƙi. Labarin yana ajiye mashayan jini iri biyu a ɗaki guda, ya bar mai karatu ya duba wanne ne ke da sauran imani, kuma sau da yawa gawar ce ke cin jarrabawar.

Akwai kuma dacewar lokaci, wadda ba ƙirƙira ba ce. Sana'ar 'yan daba ta dare ce: mashayar ɓoye, gidan caca, gidan rawa, motar da ke sauke kaya a lungu kafin asuba. Mai binciken da ba ya iya motsi sai bayan faɗuwar rana bai yi asarar komai ba, domin lokacin ne waɗanda yake nema suke fitowa aiki. Ko a kasuwar adabi ma, dangin biyu maƙwabta ne tun asali. Mujallar Black Mask, wadda aka kafa a 1920, ita ta raini labarin mai binciken sirri mai taurin kai da kaifin baki, yayin da Weird Tales, wadda ta fara fita a 1923, ta riƙe ɓangaren fatalwa da dodanni, kuma a kan tebur ɗaya ake sayar da su, a takarda mai arha iri ɗaya. A 1931 Bela Lugosi ya fito a fim ɗin Dracula, a shekarar ne finafinan 'yan daba suka cika gidajen silima, kuma a watan Oktobanta aka yanke wa Capone hukunci. Saboda haka Fleming na 1936 ya san abin da ya zama, domin ya gani a majigi kamar kowa, kuma wani ɓangare na barkwancin labarin yana fitowa ne daga gwada abin da fim ya faɗa da abin da ya tarar.

Ba zan ɓoye raunin wannan salo ba, domin babba ne. Daɗin labarin bincike yana cikin wahalar gano gaskiya, a bi sawu, a yi tambaya, a sha ƙarya, a koma baya. To idan jarumi yana iya ɓacewa kamar hazo ya ratsa ƙofar da aka kulle, kuma yana iya kafe mutum da ido ya sa shi ya amayar da sirrinsa, me ya rage a bincika? Marubucin da bai yi hattara ba zai wayi gari da jarumin da babu abin da ke gagararsa, kuma irin wannan jarumin gundura yake kawowa tun kafin a kai rabin littafi. Maganin shi ne a ɗaure shi da igiyoyi masu ƙarfi. Fleming yana zama gawa sosai da zarar gari ya waye, ba ya ji ba ya gani, yana buƙatar ƙasar mahaifarsa a makwancinsa, kuma katako yana yi masa illar da dalma ba ta yi. Madubin da ke bayan kantar mashaya kaɗai ya isa ya tona shi. Dole ta sa ya jingina da abokin aikinsa Charles Escott, Baturen Ingila mai binciken sirri, wanda ke riƙe aikin rana kuma harsashi ɗaya zai iya gamawa da shi. Fargabar mai karatu tana komawa kan wannan aboki da kan Bobbi, mawaƙiyar gidan rawa da Fleming ke so, tunda su ne masu abin rasawa. Zamanin ma yana taimakawa, domin babu wayar hannu, babu kyamarar tsaro a kowace kusurwa, bincike da ƙafa da baki ake yin sa.

Wani zai ce, kuma da hujjarsa, irin waɗannan labarai suna yi wa ta'addanci kwalliya, suna nuna kwat mai tsada da doguwar mota da kiɗan jaz, suna mantawa da marayun da aka bari. Wani kuma zai ƙyamaci jarumin da abincinsa jini ne, abin da addini da al'ada suka haɗu a kan ƙazantarsa. Ƙyamar ba ta dame ni ba, domin labarin da kansa yana amfani da ita, jarumin ma bai daina jin kunyar halinsa ba. Zargin kwalliyar ne na ɗauka da nauyi, kuma amsarsa tana ga shekarar da aka zaɓa. A zahiri ba wani jarumi mai bindiga ne ya kayar da Capone ba, masu bin diddigin haraji ne da takardun lissafi, kuma shekara 11 aka yanke masa saboda ƙin biyan haraji, ba saboda ran kowa ba. Zuwa 1936 yana tsare a kurkukun Alkataras, an halatta giya shekara uku da suka wuce, hayaniyar da jaridu ke so ta lafa. Ƙungiyarsa kuwa tana nan daram a hannun su Frank Nitti, ta koma caca da tatsar ƙungiyoyin ƙwadago, ta rage harbi a titi, ta ƙara shiga ofis. Shikagon da Fleming ya fito daga tafki ya tarar ke nan.