Ɗan sarkin itatuwa a rabin tano

Duk ƙofar gidan da ka duba a unguwarmu ta Sabon Gari dogonyaro ne, baƙon Indiya da ya zama ɗan gari. Ni kuwa na ci alwashin sai na nuna wa Damagarawa muna da namu. Gab da 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, na je Magarya wurin kawuna, ya tono mini ɗan tsiron sansami daga saiwar uwarsa. Ya ce, "Ɗana, ɗan sarkin itatuwa ke nan. Da rani yake zubar da ganye ƙaf, sannan ya yi fure ruwan hoda, kai ka ce amarya."

Ƙofar gidanmu, in ka haƙa taƙi biyu sai dutse, Damagaram ke nan. Sai na sa maƙeri ya raba tano biyu, na huda gindin, na cika da yashi da takin awaki. Ruwa kuwa kowa ya san halinsa a garin nan. Ranar da famfo ya ɗauke, bido guda na 'yan garuwa na ɗan sarki ne, ni in yi wanka da buta.

Akuyar maƙwabcinmu ce ta fara kawo gaisuwa, ta aske shi tas. Na kewaye shi da ƙayar aduwa. Ƙayar ba ta taɓa kama akuya ba, babbar rigata ta Juma'a ta kama.

Da ya kai tsawon mutum sai masu neman magani suka gano shi. Wata tsohuwa ta yi sallama da asuba: "Malam, ɗan ɓawo kaɗan, tari ke damun jikana." Na ce, "Iya, ai kaurinsa bai wuce muciya ba." Ta ce to ai tarin ma bai yi ƙarfi ba. Ta ɓare ta tafi.

Hunturu ya shigo, ganye ya zube. Na yi murna, uwargida ta yi ta'aziyya. Na ce fure na tafe. Ta ce, "Malam, tun da nake ban taɓa ganin matacce ya yi kwalliya ba."

Wata Alhamis na dawo daga kasuwar Dole, na tarar da tano da kututture. Cikin gida tuwo na ta sulala, ƙamshin miyar kuka har zaure. Kafin in buɗe baki Inna ta fito daga ɗaki, ta dubi murhu, ta tambayi iccen mene ne. Da ta ji, ta dafe ƙirji: "Sansami a wuta? Ba ku san hayaƙinsa jiri yake sawa ba?"

Awa guda yara na wasa cikin hayaƙin nan lafiya lau. Inna na rufe baki babban ya kama bango, ƙaramar ta zauna daɓas, uwargida ta ce ita ma dai tun ɗazu take ganin gari na juyawa. Ni da aka yi wa ɓarna na koma mai fifita da ɗebo ruwa.

Inna ta hana kowa taɓa tuwon, aka juye shi a bayan gida. Akuyar nan ta zo ta cinye, ta lashe kwanon, ta wuce gida tana tafiya sambal.