Hanyar Kano Zuwa Jidda: Abin Da Alhajin Jirgin Sama Bai Sani Ba

Tsakanin Kano da Jidda akwai kusan kilomita 3,400. Idan sararin samaniyar Sudan a buɗe yake, jirgi yana cinye su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, kuma kusan rabin tafiyar a saman Sudan ake yin ta. Yawancin alhazanmu barci suke yi a lokacin. Mu da muke zaune a nan Jidda muna ganin wani bambanci da na gida ba ya gani: dattijon Batakarure, wato ɗan asalin ƙasashenmu na Afirka ta Yamma da ya zauna nan, a unguwar Karantina ko Sabil, ko a Jarwal ta Makka, zai jero maka zangunan hanyar gabas ɗaya bayan ɗaya kamar yana karanta Fatiha, alhali jikan maƙwabcin kakansa da ya sauko daga jirgin Kano bai taɓa jin sunan Fashir ba sai a labarin yaƙi. A ganina wannan asara ce, kuma laifinmu ne mu Hausawan Najeriya.

Hanyar ƙasa ga yadda take. Daga Kano a bi ta Borno, a haye kogin Shari wajen Kusuri, a ratsa Wadai zuwa Abeshe, a shiga Darfur ta Jinaina, sai Fashir, Nuhud, Ubayyid, sannan bakin Nilu. Daga nan a nufi Sawakin, a nemi jirgin ruwa a tsallake Bahar Maliya. Ana tashi ne bayan kaka, lokacin da hatsi ya yi araha, rafuka suka janye, kuma laka ta bushe a ƙasar firgi ta kudancin tafkin Cadi, wadda ko jaki ba ya iya ratsa ta da damina. Ayari mai mata da yara da jakuna ba ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a yini. Da za a yi tafiyar ba tsayawa, watanni shida sun isa. Amma kusan ba wanda ya taɓa yin haka, domin guzuri ƙarewa yake yi. Sai a yada zango a yi noman damina ɗaya, ko dukanci, ko wanzanci, ko koyar da allo, a tara na gaba. Haka wata shida ke zama shekara biyar ko goma.

Ruwa shi ne madugun gaskiya. A yammacin Kurdufan rijiyoyi sun yi nisa da juna, don haka mutanen ƙasar suke rarake cikin bishiyar kuka, su tara ruwan sama a gindinta da damina, su ɗebo da guga su zuba ta wata kafa a sama. Kowace kuka da mai ita, matafiyi kuwa saye yake yi. Inda babu kuka, kankana ce ruwan mutum da na dabba. Wanda ya isa wannan yanki a ƙarshen rani, bayan an shanye kukokin, shi ke binne 'ya'yansa a hanya. Ba na cikin masu yi wa wannan zamani kirari. An yi fashi, an yi annoba, an sayar da 'ya'yan alhazai a matsayin bayi a gaɓar teku, musamman waɗanda suka guje wa killacewar lafiya a Sawakin suka shiga ƙananan jiragen sambuk da dare. Saudiyya ba ta haramta bauta a hukumance ba sai 1962.

Abin da ya mai da wannan hanya ta ibada hanyar hijira shi ne bindiga mai ruwa, wato Maxim. Tana furzar da harsashi wajen 500 zuwa 600 a minti ɗaya, ana zuba ruwa a kwanson da ya lulluɓe bakinta don kada ya narke. A Karari, arewa da Umdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, ta kusan mutum 50,000 ta tunkari sojojin Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, a fili fetal. An kashe musu sama da 10,000, ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Bayan shekara huɗu da rabi aka maimaita darasin a Giginya, bakin Sakkwato, ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kama hanyar gabas, jama'a suna barin gonaki suna bin sa, har aka tare shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Nan ya kwanta tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Sun gudu daga Turawan Ingila sun isa ƙasar da Turawan Ingila suka riga suka cinye. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ga shi hannun Hausawa da Fulani da Barebari ake nema ruwa a jallo.

Jirgin sama a wannan hanya da kakin soja ya fara zuwa. A 1916, lokacin da Turawa suka far wa Sarkin Darfur Ali Dinar, da 'yan ƙananan jirage suka yi leƙen asiri, kuma suka jefa wa rundunarsa bam bayan ta bar Fashir. A 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka biyo Nilu zuwa Hartum, suka karkata yamma ta Ubayyid da Fashir, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Duba taswira za ka ga sawun alhazai suka bi, sai dai sun juya shi. Dalilin a fili yake: jirgin wancan lokaci yana buƙatar wurin sauka da mai da ruwa bayan kowane 'yan ɗaruruwan kilomita, garuruwan kuwa suna inda rijiyoyin ayari suke. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano a kan wannan layi.

Yaƙin duniya na biyu ne ya cika hanyar da ƙarar inji, kuma wannan babi ya kamata kowane ɗan makaranta a Kano da Maiduguri ya san shi. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, aika jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama kasada. Sai aka riƙa kwance su, a zuba a akwatunan katako, a kawo ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau. A can makanikai su ɗaura fukafukai da farfela, a gwada tashi, sannan a haɗa ayari: jirgi ƙirar Blenheim ɗaya mai inji biyu da mai duba taswira yana gaba, ƙirar Hurricane kamar shida suna bin sa, an ƙara musu tankunan mai. Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Injamena, Jinaina, Fashir, Hartum, sannan a bi Nilu zuwa Masar. Kusan kilomita 6,000, cikin kwana shida idan komai ya tafi daidai. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, 'yan makonni bayan gwamnan Cadi Félix Éboué ya koma ɓangaren de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, abin da ya buɗe sararin Cadi ke nan. Kafin a gama, jirage sama da 5,000 sun bi ta nan.

Abubuwan da ke ɓaci sanannu ne. Ƙura tana shiga inji ta cinye zoben fistan, sai mai ya fara zurarewa, shi ya sa aka ɗaura wa Hurricane babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci, wadda ita kuma take rage masa gudu. Hazon hunturu yana ɓoye ƙasa, kuma matuƙin da jagora ya ɓace masa ba shi da hanyar gane inda yake, sai ya yi ta kewaye har mai ya ƙare. Da rana tsaka iska tana zafi ta yi sako-sako, fukafuki ba ya samun abin dogara sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa, don haka da sassafe ake tashi. Jirgin da ya isa Masar kuwa ya riga ya ci wani kaso na rayuwar injinsa, sai an duba shi kafin ya shiga fagen daga.

Bayan yaƙi filayen suka zama gado. Attajiran Kano suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a 1948, wadda 'yan canji na Fagge suke zaune a kan sunanta har yau. Aka fara da manyan motoci, aka koma jirgi. Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955. Cikin shekara ashirin hanyar ƙasa ta zama ta marasa hali.

Jirgi ma ya karɓi nasa rabon. Ranar 22 ga Janairu 1973, Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda aka karkatar zuwa Kano saboda yanayin Legas, ya yi mummunar sauka cikin hazo, ƙafarsa ta karye, ya kama da wuta. Mutum 176 cikin 202 suka rasu. Hatsarin 11 ga Yuli 1991 ya fi ciwo, domin sakaci ne tsagwaronsa. DC-8 ne da aka yi haya daga Kanada, zai kai alhazai Sakkwato daga Jidda. Biyu daga cikin tayoyinsa iskarsu ta yi ƙasa da ƙa'ida, an kuma san da haka. Tayar jirgi da naitirojin ake cika ta, domin busasshiyar iska ce da ba ta rura wuta. Da safen ba a samu naitirojin nan take ba, ana gudun jinkiri, aka saki jirgin. Taya mai ƙarancin iska tana jibga wa maƙwabciyarta nauyi, sai maƙwabciyar ta yi zafi ta fashe yayin gudun tashi, ita ma ta bi. Ƙarfe ya riƙa gogar titi har wuta ta tashi. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin ramin da babu na'urar gano wuta, kusa da wayoyi da bututun haidirolik da tankin mai. Jirgin ya faɗi ƙasa da kilomita uku kafin titin Jidda, mutum 261 suka tafi.

To ga inda nake kwatanta mu da masu masaukinmu. Saudiyya ta samu jirginta na farko na fasinja, DC-3, kyauta daga Shugaba Roosevelt a 1945, shekara ashirin bayan jirgi ya sauka Kano. A Riyad akwai gidan tarihin sojan sama da aka ajiye irin wannan jirgi ana nuna wa yara. Tashar jirgin ƙasan Hijaz ta Madina, wadda layin ya isa a 1908, an gyara ta ta zama wurin ziyara. Hanyar Zubaida daga Kufa zuwa Makka an bi rijiyoyinta da tafkunanta an rubuta. Mu kuwa fasinja zai shiga filin jirgin Malam Aminu Kano ya fita bai san cewa yana tsaye a ɗaya daga cikin tsofaffin mahaɗar jiragen Afirka ba. Kabarin Attahiru a Burmi, cikin jihar Gombe, mutum nawa ne a Sakkwato suka taɓa zuwa?

Mantuwar tana da farashi, kuma ba mu muke biya ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi asalin zama tun ƙarshen 1897, abin da ya bar zuriyar waɗanda suka zo bayan Burmi a waje shekaru masu yawa. A 2022, rikicin jihar Shuɗin Nilu kan sarauta da ƙasa ya ci ɗaruruwan rayuka a Yuli da Oktoba, Hausawa da yawa a ciki, kuma a gida mutane suna tambaya da mamaki wai me ya kai Hausawa Damazin, babban birnin jihar. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka ragargaza filin jirgin Hartum, aka rufe sararin Sudan, jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru, kuɗin kujera ya hau. A lokacin ne da yawa suka fara jin cewa Sudan tana kan hanyarsu.

Gyaran ba ya buƙatar kasafi mai nauyi. Hukumomin alhazai na jihohi suna yin bita na makonni kafin tashi. A ware zama ɗaya da taswira a bango, a nuna zangunan daga Kano zuwa Sawakin, a faɗi su wane ne 'yan Mai Wurno da Gadarif da Kasala, a kuma bayyana wa alhaji cewa mai tura masa keken guragu a Harami da Hausa a bakinsa watakila kakansa da ƙafa ya zo. Jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo su turo ɗalibai Jidda da Makka da na'urar ɗaukar murya, domin dattawan da suka yi tafiyar motar Ubayyid da jirgin ruwan Sawakin suna yara yanzu sun haura shekara saba'in.