Ba zuma kaɗai ke warkar da gyambon suga ba

Allah ya saka da alheri da wannan rahoto na kwatanta zuma da magungunan asibiti wajen gyambon ƙafar masu ciwon suga, amma ni dai gani nake an bar babban abu a baya. Baffana a Kurna, Kano, ɗan tsagu ne kawai a diddigensa, ko zafi bai ji ba tunda suga ya kashe jijiyoyin ƙafar, sai da safa ta fara jiƙewa tana wari sannan aka lura. Mai kemis yaita zuba masa haidirojin (ruwan wanke ciwo mai kumfa) da sifirit kullum, alhali suna ƙona sabon naman da ke tohowa ne. A asibiti sai da suka kankare mataccen naman tas, ana wankewa da ruwan gishirin asibiti a sa zuma a naɗe da bandeji, kuma likita yace ya daina taka ƙafar kwata kwata. Zumar tana aiki wallahi, amma in suga na sama kuma ana yawo da silifa a Kantin Kwari ba inda za a je. Wanda yaga ƙafa ta kumbura ko tayi baƙi don Allah ya wuce Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a ranar.