Katakon da aka sa wa garin nano ma yana cin wuta

Akwai masu cewa falawud ko MDF (allon da ake yi da garin katako da gam) da aka haɗa da ƙwayoyin ma'adinai na nano, wato ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya iya gani, ba ya cin wuta sam. Ba haka ba ne. Katako dai katako ne. Da zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salsiyos, zai fara fitar da iska mai kamawa da wuta.

Abin da ake yi shi ne a samo yumɓu irin montmorillonite, ko silika (ma'adinin da ke cikin yashi), mai ƙwayoyin da kaurinsu bai kai nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), a cuɗa su da gam ɗin da ke riƙe katakon. Idan wuta ta lashi allon, fuskarsa ta zama gawayi, sai ƙwayoyin nan su taru a ciki su ƙarfafa shi, ya yi ɓawo mai wuyar tsagewa. Zafi da iska ba sa ratsa shi da sauƙi, wutar sai ta ci a hankali. A ganina wannan jinkirin ba ƙaramin abu ba ne, don a cikinsa uwa za ta sungumi ɗanta ta fita.

Zuba garin nano da yawa kuwa ɓarna ce, domin dunƙulewa yake yi cikin gam, allon ya yi rauni.