Kafin ka zagi pfSense, duba katin da ka saya

A makon jiya wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu da sayar da intanet a Nima, unguwa a birnin Accra, ya ce mini ya haƙura da pfSense, manhajar da ke mayar da kwamfuta na'urar rarraba intanet, wai manhaja ce marar amana, kullum sai ta yanke masa layi daidai lokacin da shago ya cika. Na tambaye shi wane katin sadarwa ya sa a kwamfutar, sai ya ce, "Malam, ai kati kati ne, wanda na samu a Circle na saya," yana nufin kasuwar wayoyi da kayan kwamfuta ta Accra. A ganina wannan amsa ita ce tushen yawancin wahalar da muke sha idan muka ɗauki tsohuwar kwamfuta ta hannu muka ce za mu mayar da ita na'urar rarraba intanet.

Ba na faɗin haka don in nuna na fi shi sani, domin ni ma na taɓa yin wannan kuskure. Kwamfutar da na haɗa tana da kafar waya ɗaya, alhali ana bukatar biyu, ɗaya ta shigowar intanet, ɗaya ta rarrabawa, sai na sayi kati mafi araha ban ko juya shi na duba ba. Da safe komai lafiya. Da yamma, idan mutane suka fara saukar da bidiyo, sai layin ya ɗauke, fitilar katin tana nan a kunne kamar ba abin da ya faru, allon kuwa yana ta maimaita layi ɗaya: "re0: watchdog timeout". Na zargi wutar lantarki, na canza waya har sau biyu, kafin na yarda laifin nawa ne.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne pfSense da takwararta OPNsense duka a kan babbar manhajar FreeBSD aka gina su, ba a kan Windows ko Linux ba, kuma FreeBSD ba ruwanta da sunan da aka buga a kwali. Abin da take nema shi ne ɗan baƙin guntun nan da ke tsakiyar katin, da kuma ko tana da direban da ya san shi, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. Katunan Realtek irin su RTL8111 direban "re" ne yake tuƙa su, kuma an daɗe da sanin cewa yakan sare idan kaya suka yi nauyi, alhali katin nan ɗaya zai yi aiki kalau a Windows ko a Linux. Katunan Intel kuwa, irin su i210 da i350, suna da direban "igb" wanda ya daɗe da nuna, shi ya sa masu wannan sana'a suke nace musu.

Amma kada a ɗauka da an ga sunan Intel an gama. An cika kasuwar duniya da jabun i350, kuma fitowar farko ta i225-V, mai gudun gigabit 2.5, ta yi suna wajen yanke layi. Akwai kuma matsalar da ba ta shafi direba ba: ƙananan kwamfutocin ofis da ake shigo mana da su suna bukatar kati mai gajeren ƙarfe, kuma na ga wanda ya dawo gida da katinsa murfi ya ƙi rufuwa. Katin sadarwar da ake sokawa a kafar USB kuwa, ba na ba kowa shawarar ya ɗora abincinsa a kansa.

Wani zai ce kuɗin katin Intel ya yi masa yawa, kuma da gaskiyarsa, domin sidi ba ya zuwa a banza. Ga irin wannan akwai mafita. Yana iya sa OpenWrt, wata manhajar rarraba intanet wadda a kan Linux take, inda direban r8169 yake riƙe katunan Realtek da kyau. Mai OPNsense yana iya sa ƙarin os-realtek-re, wato direban kamfanin Realtek kansa. Kashe aikin lissafin fakiti da ake ɗora wa katin, a bar wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ma yakan kawo sauƙi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayi kati tukuna, sannan a zaɓi manhaja, sannan a zo ana cewa ba ta da kyau.

Ɗan'uwan nan na Nima na sa shi ya buga "pciconf -lv", umarnin da ke nuna katunan da ke cikin kwamfuta, ya turo mini hoton allon, muka ga abin da nake zato, wato katin Realtek ne. Ranar Asabar za mu koma Circle tare, kuma na ce masa ya cika wa wayarsa caji, domin sai mun haska fitila mun karanta lambar da ke kan guntun kafin ya ciro ko sidi ɗaya.