Cutar noma: Masu agaji na gyara fuskokin yaranmu, wa zai hana su lalacewa tun farko?

A birnin Sakkwato akwai wani asibiti da aka buɗe a 1999 domin cuta guda ɗaya tak, wato cutar noma, wadda ke cinye kunci da leɓe da hancin ƙananan yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6. Tun daga 2014 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF take aiki a wannan asibiti tare da ma'aikatar lafiya, kuma sau da yawa a shekara ƙwararrun likitocin tiyata kan zo daga ƙasashe daban-daban su sake gina fuskokin da cutar ta ɓata, ba tare da an karɓi ko sisin kwabo daga iyaye ba. A Damagaram ma, gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana kula da irin waɗannan yara tun farkon shekarun 1990. Duk mai adalci zai yaba wa wannan aiki, domin yaron da muƙamuƙinsa ya ƙage har ba ya iya buɗe baki ya ci tuwo, idan aka yi masa aiki ya koma makaranta, an mayar masa da rayuwarsa ne.

Sai dai yaran da suke isa gadon tiyata su ne tsirarun da suka tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 9 cikin kowane yara 10 da cutar ta kama suna mutuwa idan ba su samu magani ba, kuma mafi yawansu a ƙauye suke cikawa, babu wanda ya rubuta sunansu a wani littafin asibiti. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne yadda cutar take farawa da abin da kowace uwa za ta iya gani: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, baki ya yi wari, yaro ya ƙi cin abinci, sannan kunci ya tasa. A wannan mataki, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha, da kurkure baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Idan aka yi sakaci na mako ɗaya ko biyu, nama ya riga ya mutu, rami ya ɓulle a fuska, abin da ya rage kuma sai tiyata bayan tiyata na tsawon shekaru.

Noma cutar talauci ce. Tana kama yaron da tamowa ta raunana, wanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar kwanan nan, wanda kuma bai samu riga-kafi ba. Ta taɓa addabar Turai, ta ɓace da abinci da tsafta suka wadata, ba ta sake bayyana a can ba sai a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan tarihi ya isa ya nuna cewa ana iya kawar da ita gaba ɗaya. Saboda haka lokacin da MSF ta bayyana cewa yara 652 sun mutu sanadin tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025, a daidai lokacin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suke zaftare kuɗin agaji, duk wanda ya san cutar noma ya san cewa ƙofarta ce take ƙara buɗewa.

Ra'ayina shi ne mun bar wa baƙi ɓangaren aikin da ya fi tsada da wahala, mun kuma yi watsi da ɓangaren da ya fi sauƙi, wanda babu mai iya yin sa sai mu. Likitan da ya zo daga Turai na mako biyu ba zai shiga ƙauyukan Isa ko Sabon Birni yana duba bakin yara ba, balle a wannan zamani na 'yan bindiga. Waɗanda uwa take fara zuwa wurinsu su ne mai kemis, da ungozoma, da wanzami, da mai maganin gargajiya, kuma a wurare da dama ana ɗaukar ciwon a matsayin na iska, a yi ta hayaƙi da shafe-shafe har lokaci ya ƙure. Ban ga amfanin zargin waɗannan mutane ba. Abin da ya kamata shi ne a koya musu alamomin farko, a kuma tanadi kuɗin mota ga iyayen da za a tura asibiti, domin sau da yawa kuɗin motar ne yake hana uba tashi.

A nan ne dukiyar sadaka ta al'ummarmu ya kamata ta shigo. Mu mutane ne masu bayarwa, kuma duk wanda ya ga rabon hatsi da ciyarwa a watan azumi ya san haka. Amma kyautarmu ta fi karkata ga abin da ake yi sau ɗaya a taru a gani, alhali yunwar yaro ta fi tsanani da damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon hatsi bai shigo ba. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi mai aiki, wasu jihohin ma suna da irinta. Da za a ware waƙafi na dindindin, gona ko shaguna, wanda kuɗinsa zai riƙa sayen abincin tamowa da maganin farko ga ƙananan asibitocin karkara, da ya zama sadaka mai gudana da ba ta jiran yardar wata majalisa a ƙetare. Limamai kuma minti biyar a huɗubar Juma'a ya ishe su su faɗa wa iyaye cewa dasashin yaro mai jini abin gaggawa ne, su kuma tsawatar a kan ɓoye masu tabon cutar a ƙuryar ɗaki saboda kunya.

Akwai masu cewa idan ƙungiyoyi da attajirai suka ɗauki wannan nauyi, gwamnati za ta ƙara naɗe hannu. Tsoron yana da tushe, shi ya sa nake ganin taimako bai cika ba sai an haɗa shi da neman haƙƙi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, kuma dukansu sun ambaci lafiya a matsayin haƙƙin yaro. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta cika ba har yau. Mun kuma ga amfanin matsin lamba: Najeriya ce ta jagoranci buƙatar da ta sa a ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan shekarun fafutuka da waɗanda suka tsira daga cutar suka shiga da kansu, ciki har da Mulikat Okanlawon wadda aka yi wa aiki a asibitin Sakkwato kuma ta zama ma'aikaciya a cikinsa.

Mataki na gaba yana hannun jihohin Arewa maso Yamma. Ma'aikatan da ke zagayawa gida-gida domin riga-kafi da rabon maganin zazzaɓi na damina suna haɗuwa da waɗannan yara akai-akai, kuma duba bakin yaro ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ya kamata kwamishinonin lafiya su sanya wannan dubawa cikin aikinsu, su ware kuɗin horaswa da na magani a kasafin shekara mai zuwa, ƙungiyoyinmu na cikin gida kuma su bibiyi ko kuɗin ya fita.