Fulin Alhaji Ya Ƙi Fita

A wani gareji abin nan ya faru, bayan Tashar Dukku cikin garin Gombe, ranar Asabar da hantsi. Motar Honda Henisi ce 'yar 2001, an ɗaga ta a jak an cire tayar gaba ta gefen direba don ta nan ake kai wa ga fulin. Alhaji na kan benci cikin babbar riga fara sol ta sha sitati, ɗaurin aure zai je Kumo ƙarfe biyu.

Alhaji: Oga Ɗanladi wai me ke damun motar nan ne? Tun daga Jekadafari take ciii ciii kamar an taka ɓera, fanbel kuma sau biyu yana zamewa cikin wata ɗaya.

Oga: Fuli ne Alhaji, na ƙasa, wanda ke bakin karanshaf. Minti goma na cire shi, ko shayinka ba za ka shanye ba.

Ɗan Boko: Baba ba fuli ba ne fa, hamonik balansa ake ce masa.

Oga: A makarantarku. Nan gareji fuli ne tun kafin a yanke maka cibi. Alhaji ka ga ƙarfe biyu ne, na ciki da na waje, an haɗa su da roba a tsakani. Duk bugun da fistin zai yi sai karanshaf ya ɗan murɗe kamar ana matse wanki, to robar nan ce ke shanye girgizar, in ta mutu sai na wajen ya kama rawa shi kaɗai.

Alhaji: Wato uwargida da amarya, ni ne robar.

Oga: Kuma ka ga yadda ta tsattsage. Kai Auta, miƙo soket sha tara da abin riƙe fuli.

Yaro: Oga abin riƙon ya ƙi zama.

Oga: Matsa ka ga aiki... Innalillahi. Alhaji wannan ai ba folo-kom ba ne. Na kamfani yana da rami mai kusurwa shida, mili 50, inda ƙarfen ke shiga ya riƙe shi. Wannan kuwa sumul kamar kan mai sanƙo. Wane ɗan baƙin ciki ne ya ɗaura maka shi? Wallahi wanda ya yi aikin nan ko facin keke bai kamata a ba shi ba, irinsu ne suke zubar mana da mutunci a garin nan.

Alhaji: Kai ne.

Oga: Na'am?

Alhaji: Bara, bayan Babbar Sallah. Na ce a samo ɗan Beljiyom ka ce a'a ga sabo dal a kwali ya fi na kamfani ƙarko.

Oga: To ai... yaron nan ne ya ɗaura, na tafi Bajoga ta'aziyya ranar.

Yaro: Oga tocila kawai na riƙe maka.

Oga: Wa ya tambaye ka? Shiga ka sa mata giya biyar ka taka birki.

Yaro: Otomatik ce Oga.

Mai Shayi: Alhaji a ƙara maka ne? Na ga minti goman nan da saura.

Yaro: Oga mu yi mata dabarar kik mana, irin wadda muka yi wa Corollar malamin nan na Pantami, a tokare ƙarfen a buga sitata sau ɗaya kusar ta kwance da kanta.

Oga: Dama abin da nake shirin cewa kenan ka riga ni. Tokare. Buga!

Sai ji kake ƙwam, motar ta yi girgiza a kan jak, awakin da ke kwance ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo suka watse.

Ɗan Boko: Kun ƙara ɗaure ta ne fa! Injin Honda irin wannan hagu yake juyawa, ba kamar Toyota ba, in ka buga sitata matsewa take yi.

Oga: Na sani. Gwada yaron nake yi in ga ko ya fara gane aiki, ka ga ya faɗi.

Mai Shayi: Ni fa na ji ana cewa kusar Honda bai-bai take, dama ake juya ta ta kwance.

Oga: Kai ka tsaya a kan ƙwai da Lipton. Hagu take kwancewa kamar kowace kusa, taurin kai ne kawai da ita. Auta shiga ƙasa ka buɗe murfin nan ka cusa babban sukundireba a haƙorin fulawil, in ka saki sai na saki kunnenka a hannuna.

Ɗan Boko: Littafin kamfani ya ce niyuton mita 245 ake ɗaure ta.

Oga: Yi min Hausa.

Ɗan Boko: Kamar ka rataya buhun simintin Ashaka ɗaya, kilo 50, a bakin ƙarfe mai tsawon rabin mita.

Oga: Yauwa, yanzu na ga amfanin kuɗin makarantar da ake biya maka. To mu mun ƙara mata da sitata ga tsatsa, sai a ce buhu uku. A kawo dogon faif ɗin can. Alhaji, ranka ya daɗe, don Allah kilo nawa kake?

Alhaji: Me ya haɗa nauyina da motata?

Oga: Mu duk nan garau-garau muke ci, babu mai auki sai kai. Hawa kawai za ka yi ka ɗan yi lilo.

Alhaji: Da babbar rigar?

Oga: Ita ma ai nauyi ce.

Alhaji ya duba agogo sha ɗaya da rabi, ya yi bisimilla ya hau faif. Lilo na farko shiru, na biyu shiru, na uku kusar ta yi ƙara kamar an fasa bindigar toka, faif ya tafi ƙasa da Alhaji a kansa, kuma inda ya sauka dai-dai robar baƙin mai ce da aka tsiyaye wa wata Golf tun jiya.

Duka: Sannu Alhaji! Sannu!

Oga: Alhamdulillah ta kwance. Ai na ce maka ƙaramin aiki ne.

Alhaji: Ɗanladi, shaddar nan ban gama biyan tela ba.

Oga: Fetur na fitarwa. Auta zaro fulin.

Yaro: Oga ya ƙi.

Oga: Na kamfani da hannu ake zare shi kamar zobe. Kawo guduma.

Ɗan Boko: Kar ka buga! Za ka kashe beyarin ɗin karanshaf.

Oga: Wa ya ce bugawa zan yi, nuna masa zan yi ya ji tsoro.

Mai Walda: Oga in ɗan lasa masa wuta? Minti ɗaya ya saki jiki.

Oga: Ka ƙona oyil sil mai ya kama zuba Alhaji ya ce ni ne? Tafi da wutarka. Auta ruga gidan maƙota ka aro fula mai ƙafa uku, ka ce ni na aiko ka, in sun yi maganar jak ɗinsu na watan jiya ka ce ba ka ji ba.

Aka kawo fula aka maƙala ƙafafun a gefen fulin ana murɗawa, yaro na murɗawa Oga na "ƙara, ƙara", can sai ga abu ya taho.

Yaro: Oga ya fito!

Ɗan Boko: Zoben waje ne kawai ya fito, kun yage robar, ga cibiyar can a zaune.

Alhaji: To uwargida ta fita amarya ta ƙi fita kenan.

Oga: Dama haka ake yi, kashi-kashi. Auta goge min cibiyar nan... yauwa ka ga ramukan nan masu zare? Nan ake ɗaura ɗaya fular, mai kusoshi, ta ja ƙarfen ciki kai tsaye. Mayar da babbar kusar zagaye uku ba washa, don hancin fular ya tokari kanta kar ya ci zaren karanshaf.

Ɗan Boko: To me ya sa ba a fara da wannan ba?

Oga: Da yaushe za ka koyi abin da ba a yi?

Yaro: Oga kusoshin namu sun ƙi shiga, zagaye ɗaya sai su cije.

Oga: Kar ka matsa! Zaren inci ne, namu na mili ne. Su waɗannan masu ƙera na kwali ba su da alƙibla. Duba cikin bokitin nan akwai na tsohuwar tarakta.

Sai da aka yi sallar azahar aka dawo sannan aka samu masu shiga. Ana murɗawa a hankali cibiyar na tahowa kaɗan kaɗan tana kuka, can ta faɗo, wani siririn yankin gwangwani ya biyo ta a naɗe, sai ɗan ki ɗin nan da ke zama a tsagin karanshaf, ɗan mitsitsi bai wuce gaɓar yatsa ba. Oga ya yi wuf ya cafe shi kafin ya shige yashi ya jefa a baki, don nan ne aljihun bakanike.

Mai Shayi: Kai! Wannan ai gwangwanin madarata ne, bara Auta ya zo ya karɓa ya ce Oga zai yi ciko fuli ya yi lako-lako.

Alhaji: Ɗanladi! Gwangwanin madara ka sa min a inji? Shekara guda ina zuwa Kano ina dawowa a kan gwangwanin madara?

Oga: Mmm, mmm mm.

Alhaji: Buɗe baki ka yi min magana!

Mai Shayi: Alhaji a yi haƙuri, maƙoshinsa ne ya bushe tun safe bai karya ba. Oga ungo kurɓi.

Oga ya karɓi kofi ya kurɓa ya haɗiye, sai ya tsaya cak, ido ya yi waje, ya dafa wuya.

Yaro: Oga ga sabon fulin an kawo, ɗan Beljiyom ne. Ina ki ɗin in zura?

Oga: Alhaji... ka nemi mota a tasha ka tafi Kumon nan kar ka rasa fatiha.

Alhaji: Motar tawa fa?

Oga: Ka dawo gobe da safe, kamar ƙarfe bakwai haka. Auta je ka sayo min gwanda, babba.